Wayar sifinabet na karye min a gulbi, ko ba a yi shi don kifinmu ba ne?

Baban Nafisa (Gamkalle):

Assalamu alaikum 'yan uwa masu fatsa, barkanku da warhaka. Wani abu ne yake ta cina tun ranar Lahadi, na ce bari in kawo shi nan ko a samu wanda ya fi ni sanin kan abin.

Ƙanena da ke zaune Amurka ya zo ganin gida da damina, ya san ni da son fatsa tun muna yara, sai ya zo min da tsaraba, abin nan da ake ce ma sifinabet guda shidda, ya ce da shi suke kama wani kifi can wai shi bas. Don wanda bai taɓa gani ba, waya ce aka lanƙwasa kamar buɗaɗɗen fil na maƙala zane, hannu ɗaya akwai kan dalma mai kamar kan ƙaramin kifi da ƙugiya a jikinsa an rufe ta da zare-zaren roba kamar geza, ɗaya hannun kuma 'yan cokula biyu ne da ke juyawa suna walƙiya in kana ja. Ba a sa mishi tana ba a sa komi, jefawa kake kana naɗowa.

Lokacin da ruwan gulbin Neja ya yi ja nan Yamai, Agusta da Satumba, ban samu komi da shi ba, sai da ruwa ya fara washewa ƙarshen Oktoba sannan na ga aikinsa. Wallahi abin yana kama kifi. Ƙasa da unguwar Saga gefen ciyawar burgu na kama ƙananan giwan ruwa har huɗu cikin sati uku, kuma abin da ya fi burge ni shi ne ba ya maƙalewa a ciyawa, wayar sama tana kare ƙugiyar, wurin da in na jefa cokali mai ƙugiya uku sai dai in yi bankwana da shi, wannan sai ya ratsa ya fito abinsa.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Na farko, gezar ce ta zube, na buɗe akwati na tarar robar da ta ɗaure ta ta narke ta zama kamar ƙaro. Na biyu tsage ya buge shi, ya dawo min a murɗe ba geza ba cokali ɗaya. Na uku shi ne ya fi min ciwo. Da shi na kama kifi uku, duk kamu sai ya buɗe in mayar da shi da hannu ya koma daidai. Ranar Lahadi da asuba rana ba ta ko fito ba na jefa gefen wani dutse, naɗi na uku na ji kamar an riƙe ni, sanda ta lanƙwashe har hannu, zare na ta fita, na kai minti biyar ina fama da shi har na ga farin cikinsa ya juyo a saman ruwa, giwan ruwa ne wanda ban taɓa riƙe irinsa ba. Sai kawai na ji sakayau. Na naɗo, zarena lafiya, ƙullina lafiya, rabin wayar ne ya dawo da cokulan suna ta juyawa, ta karye daidai inda ta shiga kan dalma. Kifin ya tafi da ƙugiya a baki, wannan ma ya dame ni ƙwarai don ba na son barin dabba da ƙarfe a jikinta.

Saura uku ke gare ni yanzu. Tambayata, haka abin yake ko jabu aka sayar ma yaron? Akwai dabarar da za ta sa ya daɗe? Ko in haƙura in koma ma ƙaramar karfasa mai rai kamar yadda muka gada?

Ɗan Harobanda:

Wa alaikumus salam. Sannu Baban Nafisa, Allah ya mayar da alheri, na san zafin kifi ya kuɓuce bayan ka gan shi da idonka. Ni dai shawarata ka koma ma karfasa mai rai ko kawara, babban giwan ruwa ba ya wuce su. Kayan nan na Turawa kyau ne da su a ido amma gulbinmu ba wurin wasa ba ne, tsage kaɗai ya ishe su. In kuma dole sai shi, na ga a bidiyo akwai mai wayar titaniyom wadda ko ta lanƙwashe komawa take da kanta, ka ce ma ƙanenka ya aiko maka da irinta.

Elhaji na Yantala:

Salamu alaikum. Ɗana Baban Nafisa, ba jabu ba ne, kar ka ga laifin yaron. Na yi shekaru a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa, kuma ranar da ba ni aiki tafkin Brandt ko na Townsend nake wuni, da wanga abu na koyi kamun bas. Bari in gaya maka yadda yake, ka yi haƙuri zan ja magana.

Abu na farko ka san kifin da anka ƙera abin dominsa. Bas kifin Amurka ta Arewa ne, daga can anka kai shi wasu wurare kamar Afirka ta Kudu da tafkin Naivasha na Kenya da Japan. Baki gare shi babba amma ba shi da haƙoran yanka, leɓensa kaushi ne kawai, shi ya sa za ka ga a hoto mutum ya sa babban yatsa cikin bakinsa ya ɗaga shi. Ka gwada wannan da tsage ka gani. Kuma yawancin wanda ake kamawa kilo ɗaya ne zuwa biyu, in ka samu mai kilo uku ranar sai ka kira mutane a waya. Mafi girma da anka rubuta a tarihi kilo 10 ne da ɗan ɗori, wani George Perry ya kama shi a jihar Jojiya a 1932, anka yi shekara 77 ba wanda ya kamo shi sai a 2009 da Manabu Kurita ya kama kwatankwacinsa a tafkin Biwa na Japan. To kilo 10 a wurin giwan ruwa yaro ne, kifin da ke iya kai kilo 200, dubi waɗanda ake fiddawa a Argungu. Ka ga kenan ka ɗora ma jaki kayan raƙumi.

Na biyu, siririn wayar nan da gangan ne. Yawancinsu kaurinta tsakanin milimita 0.8 ne zuwa 1.1. In waya ta yi siriri, motsin cokulan yana bin ta har ya sa kan da gezar su riƙa rawa, kuma wannan rawar ita kifi ke ji a gefen jikinsa tun kafin ya ga abin, musamman cikin ruwa mai duhu. In ta yi kauri tana daɗewa amma rawar ta ragu. Masu gasar kamun bas a can, irin Bassmaster Classic da anka fara tun 1971, kuɗi suke nema, ba su damu ba in abin ya mutu bayan 'yan kamu, su yanke su ɗaura sabo. Kai kuma da sai wani ya hau jirgi ya kawo maka, lissafinka daban ne.

Yanzu ga abin da ya karya naka, kuma da bakinka ka faɗa: duk kamu sai ka mayar da shi da hannu. Ka tuna yadda muke yanke waya in ba filaya, lanƙwasa nan, lanƙwasa can, sai ta yi zafi ta katse. Shi ne ya faru. Wuri biyu ne duk wahalar ke taruwa, wuyan da ke bakin dalma da kuma lanƙwasar da ake ɗaura zare. Duk buɗewa da mayarwa tana barin tsaga ƙarama wadda ido ba ya gani, ranar da babban kifi ya zo sai ta cika aiki. Ni ƙa'idata in na mayar da shi sau uku na daina jefa shi wurin da nake zaton babba, sai in cire cokulan da gezar in ajiye don gyaran wani. Kuma kar ka taɓa ɗaga kifi daga ruwa da shi, ko ka riƙe wayar kana ciro ƙugiya kifi na fizge-fizge, yawancin lanƙwasar a nan take faruwa ba cikin ruwa ba. Ka nemi 'yar koma ta hannu, ka kama gindin ƙugiyar da filaya.

Sai ka duba wurin ɗaurin naka. Akwai iri biyu, mai buɗaɗɗen lanƙwasa da wanda anka murɗa wayar ta yi rufaffen ido. Mai buɗaɗɗen ya fi rawa amma shi ke buɗewa in an ja da ƙarfi. Dabarar da na koya can, ka yanko 'yar robar ƙarin ruwa ta asibiti kamar tsawon ƙwayar shinkafa, ka cusa lanƙwasar ciki ta yadda za ta matse wayoyin biyu ta bar ido, ko ka naɗe wurin da zare mai ƙarfi ka ɗiga gam. Yana rage buɗewar sosai, kuma yana hana ƙullinka zamewa ya gangara wajen cokula.

Maganar titaniyom da Ɗan Harobanda ya kawo, gaskiya ne tana komawa da kanta, kamfanin Terminator da ita ya yi suna. Amma ni ban ba ka shawararta don giwan ruwa ba. Ƙarfe na yau da kullum yana yi maka gargaɗi, ka ga ya karkace ka san ya gaji, ita kuwa tana nan miƙe kamar sabuwa har ranar da za ta katse gaba ɗaya, ga tsada, kuma ba ka iya lanƙwasa ta yadda kake so in kana son gyara tafiyarsa. Ka ce ma yaron ya nemo maka waɗanda anka yi ma kifin da suke ce ma paik ko maski, su masu haƙora ne kuma manya, wayarsu ta fi kauri, idonsu a rufe, ƙugiyarsu ba ta miƙewa.

Wani abu kuma, ka sassauta birkin mashin ɗinka na naɗe zare da ke jikin sanda. Yadda ka ce sanda ta lanƙwashe har hannu ina zaton ka matse shi da yawa. Giwan ruwa gudun farko ne ƙarfinsa, ka bar shi ya ja zare ya gaji, muddin ba dutse ya nufa ba.

Ba'adare (Tahoua):

Gaisuwa gare ku mutanen Yamai. Elhaji Allah shi saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Mu nan ba mu da gulbi, tabkin Tabalak muka zuwa, kan hanyar Agadas, kuma can masunta da kalli da mamari suka aiki, in sunka gan ka da sanda kana jefe-jefe sai su tsaya kallo. Amma akwai giwan ruwa ciki kuma shina bin abu mai walƙiya, na gani da idona.

Ni abin da nika so in ƙara maganar geza ce. Zahin rana ne ka kashe ta ba kifi ba. Robar da sunka ɗaure ta da ita ba ta jure irin zahinmu na watan Afrilu da Mayu, in ka bar akwati cikin mota ko ƙarƙashin sirdin moto kwana biyu ta narke. Ranar da abin ya zo hannunka, tun yana sabo, ka samo siririyar wayar jan ƙarfe, irin ta cikin fankar da ta ƙone, masu gyaran fanka na ba ka kyauta, ka naɗa ta sau uku bisa robar ka murɗe da filaya ka yanke. Ko robar ta mutu gezar tana nan. In kuma tsage ya aske ta, kar ka yar da kan, zaren buhu fari ko gashin wutsiyar akuya ko gashin zakara duk suna yi, ka ɗaure da zare ka sa gam. Wanda na yi ma na gashin akuya fari ya fi na kanti kama min kifi, don gashi shina buɗewa shina rufewa cikin ruwa kamar abu mai rai.

Sannan kar ka maida shi akwati da danshi, ka shanya shi inuwa tukuna, in ba haka ba tsatsa ta ci ƙugiya daga gindi inda geza ta rufe, ba ka gani sai ta karye. Cokulan in sunka dushe toka da ɗan lemun tsami na maido su.

Roƙona guda, ƙananan giwan ruwan nan da ba su kai tsawon hannu ba a riƙa maida su. Abin ga ƙugiya guda gare shi, ba shi ɓata bakin kifi kamar mai uku, sakinsu ba wuya. Masunta da kansu suna kukan manya sun yi ƙaranci.

Usta mai walda (Katako):

Salam. Ni ba gwanin fatsa ba ne sosai amma ƙarfe aikina ne, kuma duk abin da Elhaji ya faɗa kan gajiyar waya haka yake. Abin da zan ƙara, don Allah kar wanda ya ce zai yi ma wayar walda ko ya gasa ta a wuta don ta miƙe, an sha kawo min irin wannan. Wayar nan ƙarfinta daga ja aka samo shi, da ta ji wuta ta yi ja shikenan ta zama laushi kamar wayar ɗaurin rodi, kifin kilo ɗaya ma zai buɗe ta.

Abin da ya fi, a yi sabon jiki. In ka samu wayar da ba ta tsatsa mai kaurin milimita 1.2, ka lanƙwasa ta a kan ƙusa ka murɗa ta yi rufaffen ido, ƙasa ka yi mata ɗan ƙugu ka saƙala idon ƙugiya mai ƙarfi a ciki sannan dalma ta rufe mahaɗar. Ka ga ko dalmar ta fashe kifi na nan haɗe da waya. Cokula da ɗan abin juyawar nan mai ƙwallaye a ciki ka ciro daga waɗanda suka mutu, su ne masu wuyar samu a nan, sauran duk akwai a kasuwar Katako. Kuma a lanƙwasa sau ɗaya tak, in ka kuskure ka yar ka ɗauki wata, kar ka mayar.

Don tsage kuma sai ka sa waya tsakanin zare da abin, kamar taƙi ɗaya. Wayar birkin keke in ka warware ta silli-silli tana yi. Shi ma giwan ruwa marfin kunnensa kaifi gare shi, in ya juya yana yanke siririn zare, to ko ba waya ba a sa zare mai kauri a gaba.

Amma maganar narka dalma ina roƙonku da girman Allah kar a yi ta cikin gida, kar a yi da tukunya ko cokalin da za a sake ci da shi, kar yara su tsaya kusa, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Kowa ya ji abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, can daga dutsen zinariya ta fito amma gubar ɗaya ce. Kuma in ɗigon ruwa ya shiga narkakkiyar dalma tartsatsi take har fuska. Wanda bai saba ba ya kawo ma masu aikin su zuba mishi.

Ɗan Harobanda:

To Elhaji na karɓa, na janye maganar titaniyom. Amma har yanzu ina nan kan bakata, in babba kake nema a rami mai zurfi karfasa mai rai ta fi. Shi wannan a bar shi ma gefen ciyawa. Kuma Baban Nafisa ka yi hankali da fitar asuba kai kaɗai, dorina na yawo wajen nan in ruwa ya ƙaru.

Baban Nafisa (Gamkalle):

Na dawo da labari, ku yi haƙuri na yi sati biyu shiru, aiki ne ya riƙe ni. Elhaji, Ba'adare, Usta, Ɗan Harobanda, Allah ya saka muku da alheri ya ƙara girma.

Daren da na karanta amsoshinku na ɗauko ukun da suka rage na duba su da fitilar waya. Ɗaya daga ciki da na taɓa mayarwa sau biyu, da na kalli wuyansa da kyau sai na ga wani ɗan layi fari-fari daidai bakin dalma, na ɗan taɓa shi da filaya ba da ƙarfi ba sai ga shi ya rabu biyu a hannuna. Da na jefa shi da labarin Lahadi ya maimaita kansa. Sauran biyun na yi musu duk abin da kuka ce, robar ƙarin ruwa a wurin ɗauri, jan ƙarfe a geza, na sa silli biyu na wayar birki a gaba, birkin mashin kuma na sassauta har ina iya jan zare da hannu ba wahala.

Cokulan matattun guda uku na kai Katako, an yi min jiki biyu da waya mai kauri. Gaskiyar Elhaji, rawarsu ba ta kai ta na asali ba, a hannu ma kana jin bambanci, da na sa dogon cokali mai kamar ganye sai in ji kamar ba komi a zaren. Da na canza na sa mai faɗin nan zagayayye sai bugun ya dawo, har a sanda kana jinsa dum dum dum, kuma da shi ake iya ja a hankali ba ya nutsewa da sauri.

Jiya na fita da yarona, ba asuba ba Ɗan Harobanda, sai da gari ya waye sosai. Ruwa ya fara ƙaruwa, wanda ke gangarowa daga ƙasar Gine ya fara isowa, dutsen nan ma ya kusa nutsewa. Tsage ya bugi na Katako sau biyu, na farko ya yi tsalle ya watsar, na biyu ya zauna, na ciro shi da koma, gezar gashin akuya ta ragu rabi amma wayar ko gezau. Giwan ruwa ɗaya muka samu ƙarami, yaron ne ya cire mishi ƙugiya ya sake shi da hannunsa, Ba'adare ka ji an cika maka roƙonka.

Babban nan bai sake zuwa ba. Elhaji in kana da sarari Lahadi mai zuwa ina so ka zo ka ga yadda nake naɗowa, ina zaton ina saurin ja da yawa a gefen dutse. Zan biyo Yantala in ɗauke ka bayan sallar asuba, sanda biyu gare ni.